Kiredit Biyar Har da Turanci

A shekarar da na gama sakandare, tsakiyar shekarun saba'in, babu kalmar Turancin da ta shiga ƙauyenmu ta zauna daram kamar kiredit. Ƙauyenmu yana bayan Madakiya, sai ka taka da ƙafa sosai kafin ka fito bakin hanyar Kafanchan, amma tsofaffin da ba su san ko baƙi ɗaya na boko ba sun iya faɗin kalmar nan sarai. Ni na kawo musu ita, kuma ni ta hana sakat.

Babana ya riga kowa saninta, sai dai ta wata fuska. A kantin da yake sayen gishiri da kananzir a Kafanchan akwai allo rataye, an rubuta da jan fenti cewa ba a ba da kiredit, don haka a wurinsa bashi ne kawai, abin da mutumin kirki yake gudu. Kawuna, ƙanen mamata da ke aikin akawu a tashar jirgin ƙasa, ya ce a'a, in an zuba maka kuɗi a banki ma haka ake cewa. Malaminmu na Turanci kuwa ya taɓa cika allo da ma'anoninta, daga bashi zuwa yabo zuwa gaskata maganar mutum. Duk waɗannan ba su dame ni ba. Ta jarrabawa ce ta tsaya mini a rai. Maki ne daga ɗaya zuwa tara. Daga ɗaya zuwa shida ka sami kiredit, bakwai da takwas an ce ka yi fas, wato ka tsallake da ƙyar, tara kuma ka faɗi warwas. Makarantar share fagen jami'a da nake buri a Zariya abu guda take nema, kiredit biyar har da Turanci. Ko ka cinye sauran darussan duka, in na Turanci ya kuɓuce maka, sai ka koma gida ka jira baɗi.

Mamata ba ta damu da ma'ana ba. Ta ce ko mene ne shi, biyar ake so, biyar za a roƙa. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, gajeruwar mace ce, muryarta ta fi ta girma nesa ba kusa ba. In ta ɗaga waƙa ranar Lahadi, masu zuwa a makare tun daga rafi suke jiyo ta su ƙara sauri. Ba ta iya karatu ba, wani lokacin ma a kife take riƙe littafin waƙoƙi, amma babu baitin da ba ta haddace ba, in kuma ya ƙare mata sai ta ƙirƙiro nata nan take, mata su amsa kamar sun daɗe da saninsa. Ba ta san shakka ba sam. In ta ce za a yi ruwa, kwashe shanyarta take yi ko da sama fes take.

Matan zumuntar nan su suka kai ni sakandare. Ni ce mace ta farko a ƙauyen da ta wuce firamare, gonar babana kuwa ba za ta iya ɗaukar nauyina ita kaɗai ba. Duk kaka kowace mace takan kawo mudun acca ko na busasshiyar citta, mamata ta ɗauka a ka zuwa kasuwar Kafanchan. Akwatina na ƙarfe da bokitina da bargon da na rufa da shi shekara biyar, duk daga mudun nan suka fito. Wasu maza sun yi gunaguni, wai an bar 'ya'ya maza suna kiwon awaki an tura mace boko. Mamata ta ba su amsa da waƙa a gaban kowa, fasto na zaune yana ɓoye dariya, daga ranar gunagunin ya koma gindin ɗorawa inda ake shan burkutu. Saboda haka jarrabawar ba tawa ba ce ni kaɗai, ko da yake ni kaɗai na riƙe biro.

Ranar da muka yi Turanci, da na buɗe takardar raina ya yi fari ƙal. An ce a bayyana ranar kasuwa a garinku. Ni da na taso ina bin mamata kasuwar Kafanchan, me za a gaya mini? Na duƙufa. Na rubuta kukan jirgi, na rubuta matan Fulani da ƙoren nono, na rubuta mai sayar da maganin tsutsar ciki da lasifikarsa, har kare mai ƙafa uku da ke kwana a rumfar mahauta sai da na saka shi. Ina jin daɗin kaina ƙwarai. Ban ɗago kai ba sai da mai tsaron jarrabawa ya ce lokaci ya kusa. A nan na tuna akwai sashen taƙaitawa, dogon rubutu da za ka karanta ka matse shi cikin 'yan jimloli, shi ne kuma malaminmu ya yi ta ja mana kunne a kansa. Rubutun a kan kamun kifi a teku ne. Ni ko babban kogi ban taɓa gani ba. Na karanta layin farko sau uku ban fahimci komai ba, gumi na ɗiga a kan takardar. Jimla biyu na rubuta aka ce a ajiye biro.

Ban ɓoye ba. Ranar da na dawo gida na sami mamata a madafa tana tuƙa tuwon acca, na durƙusa kusa da murhu na gaya mata da yarenmu.

"Mama, Turancin nan ban gama shi ba."

"Tofar da yawun nan," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba.

"Gaskiya nake gaya miki. Sashe guda na bari."

"Na ce ki tofar."

Na tofar a toka don a zauna lafiya, amma haushi ya riga ya taso mini, ni ma ba sanyin hali ne da ni ba. Na ce ai ni na zauna jarrabawar, ba ita ba. Sai ta zaro muciya daga tukunya ta nuna ni da ita.

"Ke kika rubuta, amma ba ke za ki duba ba. Wanda zai duba, akwai Mai riƙe da hannunsa. Kada in ƙara jin wannan magana a gidan nan."

Ban ƙara ba kuwa, sai maganar ta koma cikina ta zauna. Lokacin gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, yara sun yi yawa malamai sun yi kaɗan, duk wanda ya gama sakandare ana neman sa. Aka ba ni aji ɗaya a makarantar ƙauyenmu, a ƙarƙashin rumfar ciyawa. Ina koya wa yara baƙaƙe, rabin hankalina yana kan masunta a teku. Ina wanke-wanke ina lissafin maki. In labarin kasuwa ya burge mai dubawa ƙila ya cike giɓin. To in kuma mai dubawar ba ya son karnuka fa? Na rame har mata suka fara cewa koyarwa ba ta karɓe ni ba. Duk mai keken da ya fito daga Kafanchan, in na hango shi gabana sai ya faɗi, ko da gishiri kawai ya ɗauko. Damina ta wuce, aka yanke acca, dawa ta fara sunkuyar da kai, sakamako shiru.

Ana saura mako biyu godiyar kaka, fasto ya yi wa'azi a kan bangaskiya. Ya ce kowa ya iya godiya bayan ya karɓa, amma mai bangaskiya tun bai gani ba yake godewa. Ina zaune a bencin 'yan mata na ga mamata ta gyara zama tana gyaɗa kai da ƙarfi, nan take na sha jinin jikina. Muna isa gida ta ce za ta kai akuyarta gaban ikkilisiya ranar godiya, saboda kiredit ɗina.

Akuyar nan ita ce dukiyarta kaf, jar akuya mai haihuwar tagwaye. Amma ba asarar akuyar ce ta tayar wa babana hankali ba. A wurinmu ba a yabon abin da bai iso hannu ba. Ko gonarka ta yi kyau kamar me, in aka tambaye ka sai ka ce ba laifi, sai hatsi ya shiga rumbu. Mace mai ciki ba a yi mata barka, ba a saya wa jariri riga kafin a ji kukansa. Babana mai bi ne na gaske, dattijo ne ma a coci, amma wannan al'adar tana cikin jininsa.

"Ki bari takarda ta zo," ya ce. "Akuya ba za ta gudu ba, Allah ma ba zai gudu ba."

"Ai ka ji wa'azi da kunnenka."

"Na ji. Fasto bai ce akuya ba."

"Bai ce kaza ba ma. Ni na ce akuya."

Babana ya dube ni, kamar in sa baki. Na buɗe baki, mamata ta harare ni, na rufe. Ya ɗauki fartanyarsa ya fita, ko da yake Lahadi ce kuma babu gonar da za shi.

Ranar godiyar kaka coci ya cika har waje. Doya da gwaza da rizga da dammunan dawa an tara su a gaban bagadi, kaji a ɗaure suna ta kuka. Yadda ake yi, sai a kira gida-gida, mutanen gidan su taso daga baya da rawa, ɗauke da abin da suka kawo. Da aka kira gidanmu babana ya kai damin dawarsa ya dawo ya zauna. Na ce a raina ko ta fasa. Sai na ji an buga tulun kiɗa na zumunta daga bakin ƙofa. Mamata ce ta shigo da anko na zumunta, igiyar akuya a hannunta, mata a bayanta suna kaɗa caki. Waƙar sabuwa ce fil, ta ƙirƙire ta a daren ko a hanya, tana lissafa ɗaya zuwa biyar mata suna amsawa da kiredit. Wata ta jawo ni daga benci ta tura ni tsakiya. Na yi rawar ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

A gaban bagadi mamata ta ɗaga hannu aka yi tsit. A coci da Hausa ake magana, saboda akwai malamai da ma'aikata da ba sa jin yarenmu, Hausar mamata kuwa irin tamu ce ta can.

"Jama'an Ubangiji, yarinya na ya rubuta jarrabawa. Takarda bai zo ba tukuna, amma ni na riga na gani. Kiredit biyar, da Turanci a ciki. Akuya nan na kawo shi domin godiya. Wanda ya ce mace ba zai iya ba, bari ya zo ya ga."

Aka yi guɗa, aka ce amin. Na saci kallon bencin dattawa, babana ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. A bayansa akwai wani dogon mutum, shugaban masu gunagunin nan na da, yana murmushi yana tafi a hankali. Tafin nan ya fi komai tsorata ni.

Bayan sujada akan yi gwanjon kayan godiya, kuɗin ya shiga asusun coci. Hedimastanmu ne ya sayi akuyar, ya ɗaure ta a bayan ofishinsa, dab da rumfar ajina. Yara suka raɗa mata suna Kiredit. Ina cikin koyarwa sai ta ɓarke da kuka, yara su ce, "Malama, Kiredit yana kiran ki." Akuyar kuma ba ta yarda an sayar da ita ba. Kwana biyu uku sai ta tsinke igiya ta koma gidanmu ta kwanta a inda ta saba, ni ce kuma mai janyo ta in mayar, ta tsakiyar ƙauye, tana tirjewa ina ja, mutane suna yi mini sannu da aiki. Tsofaffin mata suna tare ni a hanya su tambaya ko biyar ɗin sun iso. Wata ma ta fara kirana likita. Na daina cin abinci sosai.

Sau ɗaya na sake gwada mamata. Muna dawowa daga rafi da tuluna a ka, na ce, "Mama, in fa bai zo yadda kika ce ba?" Ta tsaya cak har ruwa ya fantsalo mata a kafaɗa. Ta ce tun da take ba ta taɓa roƙon abu da zuciya ɗaya an hana ta ba, ni ce mai zuciya biyu, in akwai abin da zai ɓata lamarin to bakina ne. Na ji zafin maganar nan ƙwarai. Daga ranar tsorona ya zama biyu, ga na faɗuwa, ga na cewa in na faɗi ni na jawo da bakina.

Bayan Kirsimeti kawuna ya aiko mai keke ya ce sakamako ya fito. Na bi motar kasuwa zuwa makarantarmu. Akawun shugabar makaranta yana kiran mu ɗaya bayan ɗaya yana karanta wa kowa nata. Da layi ya zo kaina na riƙe bakin tebur. Ilimin addinin Kirista biyu, Hausa uku, tarihi uku, labarin ƙasa huɗu, kimiyyar halittu biyar, lissafi shida. Lissafin da na ɗauka shi zai kashe ni. Sai ya ɗan dakata, ya gyara tabarau.

"Turanci bakwai."

Na ce ya sake dubawa. Ya juyo mini da takardar ya ɗora yatsa a wurin. Bakwai ce, ba ta yi kama da komai ba sai bakwai. Taki ɗaya ne tsakaninta da shida. Malaminmu na Turanci yana tsaye a baranda, ya ce in sake zama baɗi, abu ne mai sauƙi, in dai zan koyi tsayar da biro. Na so in gaya masa baƙar magana, amma gaskiya ya faɗa. Ban yi kuka a can ba. A mota ma ban yi ba, tunanin yadda zan shiga gida ya hana ni.

Rana tsaka na iso. Mamata tana tsakar gida tana kankare citta, babana yana gyaran jinkar rumbu. Tana ganina ta miƙe, wuƙar a hannunta.

"Nawa?"

"Shida."

Ta yar da wuƙar ta ɗaga hannu sama. "Biyar na roƙa, aka ƙara mini ɗaya." Har ta ja numfashi za ta rangaɗa guɗa na riƙe mata hannu.

"Mama, babu Turanci a ciki."

"To a cire ɗaya daga shidan a sa a wurin. Ai akwai saura."

"Ba a yin haka."

"Wa ya ce?"

Na yi mata bayani, na sake yi. Na ce Zariya ba za su ɗauke ni ba, sai na sake zama baɗi. Ina kallon fuskarta lokacin da maganar ta shige ta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce bakina ne ba, da ma ta faɗa da na sami abin yin musu. Ta koma ta zauna a kan kujerarta, ta ɗauki wuƙar, ta riƙe citta guda tana juya ta. Babana ya sauko daga rumbu. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya ce shida ba wasa ba ce, a ba ni ruwa in sha.

Kafin yamma ƙauye ya ɗauka. Ranar Lahadi babu wanda ya yi mana dariya a fili, abin da aka yi ya fi dariya ciwo. Mata suna zuwa ɗaya-ɗaya suna riƙe hannun mamata suna cewa sannu, sai haƙuri, kamar gidan da aka yi rashi. Dogon mutumin nan ya tare babana a bakin ƙofa, da murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Dattijo, yaya za a yi da akuya? Coci zai mayar ne, ko a bar shi na baɗi?" Babana ya wuce shi ya kama hanyar gida. Ni kuwa da ba don a harabar coci muke ba, da ya ji abin da bai taɓa ji daga bakin 'yar cikinsa ba.

Lokacin waƙar zumunta ya yi, mata suka fito gaba, mai tulu ta fara bugawa. Mamata ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Tulu ya zaga sau ɗaya, ya sake zagawa, ba ta ɗaga ba. Coci ya yi tsit, har kukan jariri a baya ake ji. Sai ta taɓa kafaɗar matar da ke kusa da ita, ta ce mata ta ba da waƙar, ita ta koma layin baya cikin masu amshi. Matar ta ɗaga da siririyar murya, aka lallaɓa aka gama.

A taron zumunta na tsakiyar mako, an gaya mini, ta tashi ta ce, "Na yi magana a gaban Ubangiji da jama'a, abin da ban gani ba na ce na gani. Yarinya ya gaya mini gaskiya, ni ne ban ji ba." Matan suka ce babu komai, shida ai ta fi biyar, za su sake kawo mudu a biya kuɗin zama na biyu. Fasto da kansa ya zo gida ya ce ba haka yake nufi da wa'azinsa ba, godiya ba ta taɓa zama asara. Ta ba shi kujera, ta ba shi kunu, ta ce ta gode. Amma ba ta koma gaba ba.

Shekarar nan ta fi ta farko tsawo. Na ci gaba da koyarwa, duk Asabar in tafi Kafanchan gidan kawuna, in kwashi tsofaffin jaridun tasha in yi ta taƙaita su. Labarin ƙwallo, labarin farashin gyada, sanarwar mutuwa, babu wanda ban matse ba. Amma yanzu ba Zariya ce a gabana ba. Na sa a raina cewa in na kawo kiredit ɗin nan na ajiye a gabanta, mamata za ta dawo yadda take. Duk Lahadi ina kallon ta a layin baya tana amshi a hankali, bakinta na motsi, muryar da a da ake ji daga rafi, yanzu ko daga bencina ba na rarrabe ta. Na fi son ta nuna ni da muciya sau ɗari da wannan. Ranar da zan tafi zama na biyu na durƙusa ta yi mini addu'a. Da can in tana addu'a kamar mai ba da umarni take yi. Wannan karon gajeruwa ce, ta ce in nufinka ne, ta maimaita, in nufinka ne.

Na rubuta labarina shafi ɗaya da rabi na tsayar da biro, na yi taƙaitawa har lokaci ya rage mini. Duk da haka da aka sake shiga jira tsoron ya dawo sabo. A godiyar kakar shekarar mamata ta kai ƙwaryar acca ta ajiye ta dawo, ba rawa.

Da sakamako ya fito, Turanci shida na samu, kiredit na ƙarshe, wanda ke bakin rami. Ban damu ba, ko a bakin me yake ya shiga. Daga bakin hanya da gudu na ƙarasa gida, ni da ake kira Malama, ɗankwalina a hannu. Na same ta a bayan gida tana shanya kuɓewa.

"Mama, ya zo. Turanci ya zo. Kiredit."

Ta dube ni, ta dubi hanyar da na fito, ko wani ya biyo ni.

"Kin gani da idonki?"

"Da idona. Na sa yatsa a kai."

"Ba za su canza ba?"

"Ba a canzawa, Mama. Ki yi guɗa mana. Ki kira matan zumunta."

Ta kamo hannuna ta jawo ni kusa. Na ɗauka rungume ni za ta yi. Sai ta rage murya, kamar yadda na rage tawa a madafa shekara guda da rabi da ta wuce.

"Yi shiru tukuna. Kada ki gaya wa kowa. Bari Zariya su kira ki, ki je, ki zauna a ajin, sannan mu gani."

Na san tsoron nan farin sani, nawa ne, ban taɓa zaton zan ji shi a bakinta ba. A nan kukan da ban yi ba a makaranta, ban yi ba a mota, ya zo mini gaba ɗaya. Ta sa bakin zanenta ta share mini fuska, ta ce in daina kada maƙwabta su ji su zo tambaya. Sannan ta miƙo mini faifai ta ce in taya ta baza kuɓewar kafin rana ta yi sanyi.